A Tsaye Ko a Kwance: Yaya Ake Ɗaura Faifan Ajiyar Kwamfuta?

'Yan'uwana ɗalibai, wata gardama ce da aka yi a kan kwamfutata a unguwarmu ta Abattoir, a nan Jos, ta sa na ɗauki alƙalami. Na sayi faifan ajiya na biyu, wanda masu gyara ke kira had-dis, don in adana hirarrakin da na naɗa saboda kundin digirina. Da mai gyara ya buɗe akwatin kwamfutar bai sami gurbin kwantar da shi ba, sai ya ɗaura shi a tsaye. Nan take abokina ya rantse cewa faifan ba zai yi ƙarko ba. Gabana ya faɗi, domin tsofaffin da na yi hira da su ba kullum ake samunsu ba.

Da na bincika, sai na ga mai gyara ne da gaskiya. Manyan masu ƙera shi, irin su Seagate da Western Digital, sun yarda a ɗaura shi a kwance, ko a tsaye, ko ma a kife. A cikinsa akwai fayafayai masu juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu mai karatu kamar allurar garmaho. Sai dai wannan ba ya taɓa faifan, iskar juyawar ce ke tallafe shi, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai ko kusa da kaurin silin gashi ba. Tsoron abokina ya samo asali ne daga fayafayan shekarun 1980, waɗanda in an sauya musu zama bayan an tsara su sukan kuskure layi. Na yanzu suna gyara saitinsu da kansu.

Abin tsoron shi ne girgiza. In an buge kwamfuta ko an ɗaga ta tana cikin aiki, hannun zai iya kartar faifan, bayanai su salwanta. Don haka a ɗaure shi tamau da sukuru huɗu, kada a bar shi yana reto a jikin waya kamar yadda na sha gani. A bar masa sararin shan iska, a riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu, don sanyin Jos ba ya hana shi zafi a cikin akwati. Shi kuwa SSD babu abin da ke juyawa a cikinsa, ko'ina aka ɗaura shi daidai ne.

Nawa dai yana nan a tsaye, amma na kwafe hirarrakin a wuri na biyu.