Bernard Sumner

Bernard Sumner (an haife shi ranar 4 ga Janairu, 1956) makaɗin jita ne, mawaƙi kuma marubucin waƙoƙi ɗan ƙasar Ingila. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar mawaƙa ta Joy Division, inda ya riƙa kaɗa jita da kibod, sannan ya zama mai rera waƙa a ƙungiyar New Order wadda ta gaje ta a shekarar 1980. Ya kuma kafa Electronic tare da Johnny Marr, da Bad Lieutenant daga baya. An fi saninsa da haɗa kiɗan jita da sautin na'urorin lantarki, abin da ya taimaka wajen kai waƙoƙin ƙungiyoyin rok cikin gidajen rawa a shekarun 1980.

Farkon rayuwa

Sumner ya tashi a unguwar Lower Broughton da ke birnin Salford, maƙwabcin Manchester a arewa maso yammacin Ingila. Unguwa ce ta ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi, kuma tun yana yaro hukuma ta rushe yawancin tsofaffin gidajenta, aka mayar da iyalai cikin dogayen benaye. Sumner ya sha danganta duhun da ke cikin waƙoƙinsa na farko da wannan rushewa da kuma rashin lafiyar da ta addabi danginsa. Ya yi karatu a makarantar Salford Grammar School, inda ya haɗu da Peter Hook. Bayan ya bar makaranta ya yi aiki a wani kamfanin shirya zanen katun na talabijin a Manchester. A farkon sana'arsa an san shi da sunaye kamar Bernard Albrecht da Bernard Dicken, abokansa kuwa suna kiransa Barney.

Joy Division

Ranar 4 ga Yuni, 1976, Sumner da Hook suka halarci wasan ƙungiyar Sex Pistols a zauren Lesser Free Trade Hall da ke Manchester. Kiɗan punk da suka ji a wurin mai sauƙi ne, mai ƙara, wanda ba ya buƙatar dogon koyo, sai suka ga cewa su ma za su iya. Sumner yana da jita tun kafin lokacin, Hook kuma ya sayi jitar bas. Suka ɗauki Ian Curtis a matsayin mai rera waƙa, suka fara wasa da sunan Warsaw. Wasansu na farko ya gudana ranar 29 ga Mayu, 1977 a Electric Circus, inda suka buɗe wa ƙungiyar Buzzcocks fili. Stephen Morris ya shigo a matsayin mai ganguna a cikin wannan shekarar.

A farkon 1978 suka sauya suna zuwa Joy Division, don kada a riƙa rikita su da wata ƙungiya ta Landan mai suna Warsaw Pakt. Sun samo sabon sunan daga littafin House of Dolls, wanda ya yi magana a kan matan da aka tilasta wa bautar jima'i a sansanonin 'yan Nazi. Sunan, tare da zanen da Sumner ya yi a bangon ƙaramin faifansu na farko, An Ideal for Living, ya jawo musu zargin goyon bayan aƙidar Nazi, zargin da ƙungiyar ta musanta.

Rob Gretton ya zama manajansu, suka shiga kamfanin Factory Records na Tony Wilson. Kundinsu na farko, Unknown Pleasures, an naɗe shi a situdiyon Strawberry da ke Stockport, ya fito a watan Yuni 1979. Furodusa Martin Hannett ya rage ƙarar jita, ya ware sautin kowace ganga daban, ya bar sarari mai yawa a cikin kiɗan. Da farko Sumner da Hook ba su ji daɗin haka ba, domin a dandali kiɗansu ya fi zafi da ƙarfi. Sai dai wannan sautin ne ya zama abin misali na salon da ake kira post-punk, wato kiɗan da ya biyo bayan punk, wanda ya riƙe sauƙinsa amma ya ƙara masa nutsuwa, da gwaje-gwajen sauti, da kalmomi masu zurfin tunani.

A tsarin Joy Division, Hook yakan kaɗa bas da sauti mai tsayi har ya zama shi ke ɗauke da karin waƙar, Sumner kuma ya cike gurbin da gajerun layukan jita masu kaifi, ba tare da dogon nuna gwaninta ba. A wannan zamanin ne ya haɗa sintesaiza da hannunsa daga sassan da ake sayarwa a kwali, samfurin Powertran Transcendent 2000, saboda na'urorin da aka gama haɗawa sun fi ƙarfin aljihun ƙungiyar.

A ƙarshen 1978 Curtis ya kamu da ciwon farfaɗiya, ciwon da ya riƙa tayar masa har a kan dandali. Ranar 18 ga Mayu, 1980, ana gab da tafiyarsu ta farko zuwa Amurka, ya kashe kansa a gidansa da ke Macclesfield yana da shekara 23. Bayan rasuwarsa waƙar "Love Will Tear Us Apart" ta kai matsayi na 13 a jadawalin waƙoƙin Birtaniya, kundi na biyu mai suna Closer kuma ya fito a watan Yuli 1980.

New Order

Tun da farko 'yan ƙungiyar sun yi alƙawari cewa idan ɗayansu ya fita ba za su ci gaba da amfani da sunan Joy Division ba. Don haka ukun da suka rage suka koma New Order. Babbar matsalarsu ita ce rashin mai rera waƙa da marubucin kalmomi, domin Curtis ne ke yin duka biyun. Kowannensu ya gwada waƙa, daga ƙarshe aikin ya faɗa kan Sumner, wanda bai taɓa shirin zama mawaƙin gaba ba. Kasancewar yana masa wuya ya haɗa waƙa da kaɗa jita a lokaci guda, sai aka ɗauko Gillian Gilbert a ƙarshen 1980 don ta riƙa kaɗa kibod da jita ta biyu.

Waƙarsu ta farko, "Ceremony", wadda ta fito a 1981, tun Curtis yana da rai aka tsara ta. Kundin Movement na Nuwamba 1981 ma bai yi nisa da sautin Joy Division ba, kuma muryar Sumner a cikinsa tana bin sawun ta Curtis. Sauyin ya zo ne bayan tafiye-tafiyensu zuwa New York, inda suka riƙa shiga gidajen rawa suna jin disko da kiɗan lantarki. Da ma suna sauraron ƙungiyar Kraftwerk ta Jamus da ayyukan Giorgio Moroder. Waƙoƙin "Everything's Gone Green" ta 1981 da "Temptation" ta 1982 su ne suka fara nuna sabuwar alƙiblar. Bayan Movement suka rabu da Hannett, suka koma shirya yawancin waƙoƙinsu da kansu.

A watan Maris 1983 suka fitar da "Blue Monday", waƙa mai tsawon kusan minti bakwai da rabi. An gina ta a kan na'urar bugun ganga samfurin Oberheim DMX, da sintesaizar Moog Source, da wata na'urar jera sauti da Sumner ya haɗa da kansa. Aikin irin wannan na'ura shi ne ta adana jerin sautuka ta riƙa maimaita su daidai kan lokaci, ba tare da hannun makaɗi ba. An fitar da waƙar a faifai mai faɗin inci 12, irin wanda masu sa kiɗa a gidajen rawa ke amfani da shi, a cikin bangon da Peter Saville ya tsara da siffar faifan kwamfuta na wancan zamani. Ta kai matsayi na 9 a Birtaniya, kuma ita ce faifan inci 12 da aka fi saya a tarihi. Sabon haɗin da aka yi mata a 1988 ƙarƙashin kulawar Quincy Jones ya kai matsayi na 3.

Kundayen da suka biyo baya sun haɗa da Power, Corruption & Lies a 1983, da Low-Life a 1985, da Brotherhood a 1986 wanda ke ɗauke da "Bizarre Love Triangle". A 1987 tarin waƙoƙinsu mai suna Substance ya fito tare da "True Faith", wadda ta kai matsayi na 4. Technique na 1989, wanda aka naɗi wani ɓangarensa a tsibirin Ibiza na ƙasar Sifaniya, shi ne kundinsu na farko da ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya. A 1990 suka yi "World in Motion", waƙar tawagar ƙwallon ƙafa ta Ingila a gasar cin kofin duniya da aka yi a Italiya, inda ɗan wasa John Barnes ya rera wani ɓangare. Ita kaɗai ce waƙar New Order da ta kai matsayi na ɗaya.

Haçienda da rushewar Factory

A watan Mayu 1982 New Order da kamfanin Factory suka buɗe gidan rawa na Haçienda a Manchester. Gidan ya yi suna ƙwarai a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da kiɗan house ya bazu a Birtaniya, amma ya shafe shekaru yana tafka asara, kuma kuɗin faya-fayan New Order ne ke cike giɓin. Matsalar miyagun ƙwayoyi da 'yan daba ta ƙara dagula lamarin. Factory ya durƙushe a watan Nuwamba 1992 saboda bashi, Haçienda kuma aka rufe shi a 1997. New Order ta koma kamfanin London Records, ta fitar da Republic a 1993, wanda shi ma ya hau matsayi na ɗaya, tare da waƙar "Regret". Bayan haka 'yan ƙungiyar suka watse na tsawon shekara biyar, kowa ya kama aikinsa.

Electronic da sauran ayyuka

A ƙarshen shekarun 1980 Sumner ya haɗa kai da Johnny Marr, tsohon makaɗin jitar The Smiths, suka kafa Electronic. Waƙarsu ta farko, "Getting Away with It", ta fito a watan Disamba 1989 da muryar Neil Tennant na Pet Shop Boys, ta kai matsayi na 12. Kundinsu na farko mai ɗauke da sunan ƙungiyar ya fito a 1991 ya kai matsayi na 2. Sai Raise the Pressure a 1996, wanda Karl Bartos, tsohon ɗan Kraftwerk, ya taya su rubutawa, da Twisted Tenderness a 1999.

Sumner ya kuma yi aikin furodusa ga wasu mawaƙan Factory, irin su Section 25 da Happy Mondays. Ya rera waƙa a "Spanish Heart" ta 808 State a 1991, da "Out of Control" ta The Chemical Brothers a 1999.

Dawowa da rabuwa da Hook

New Order ta sake haɗuwa a 1998, ta fitar da Get Ready a 2001, kundin da ya fi karkata ga jita. Gilbert ta janye don kula da iyalinta, Phil Cunningham ya maye gurbinta, aka yi Waiting for the Sirens' Call a 2005. A 2007 Hook ya bar ƙungiyar bayan daɗaɗɗen saɓani tsakaninsa da Sumner. Daga nan Sumner ya kafa Bad Lieutenant tare da Cunningham da Jake Evans, suka fitar da kundi ɗaya, Never Cry Another Tear, a 2009.

A 2011 New Order ta dawo ba tare da Hook ba: Gilbert ta koma kan kibod, Tom Chapman ya karɓi bas. Hook ya kai sauran ƙara kotu a kan rabon kuɗin da ake samu da sunan ƙungiyar, aka sasanta a 2017. Kundin Music Complete ya fito a watan Satumba 2015 a kamfanin Mute, da gudummawar Iggy Pop, Brandon Flowers da Elly Jackson, ya kai matsayi na 2 a Birtaniya. A 2020 suka fitar da waƙar "Be a Rebel".

Salo da tasiri

Muryar Sumner siririya ce, ba ta da ado, kuma kalmominsa sukan zo da harshe mai sauƙi a kan soyayya, rabuwa da kaɗaici. Abin da ya bambanta New Order da sauran ƙungiyoyin synthpop, wato waƙoƙin pop da aka gina a kan sintesaiza, shi ne ba ta ajiye jita da bas ba. Ta haɗa su da na'urori, ta ɗora kalmomi masu baƙin ciki a kan kiɗan rawa. Wannan haɗin ya share fage ga ƙungiyoyin Manchester na ƙarshen shekarun 1980 da ma wasu da yawa bayansu. Ƙungiyar The Killers ta Amurka ta samo sunanta ne daga bidiyon waƙar New Order mai suna "Crystal".

A 2005 an shigar da Joy Division da New Order tare cikin zauren karrama mawaƙa na Birtaniya, UK Music Hall of Fame. John Simm ya fito a matsayin Sumner a fim ɗin 24 Hour Party People na 2002, James Anthony Pearson kuma a fim ɗin Control na 2007. Sumner ya wallafa tarihin rayuwarsa mai suna Chapter and Verse a 2014.