Tsamin Nono Ba Ya Maye Gurbin Tafasa

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin mutanenmu, daga ruga har birni: wai da zarar madara ta kwana ta yi tsami, duk wata cuta da ke cikinta ta mutu. Shi ya sa mutumin da ba zai yarda ya kurɓi ɗanyar madara ba yake shan nonon da ba a tafasa ba hankalinsa kwance. Masu wannan magana ba da ka suka faɗe ta ba. Iyaye da kakanni sun ga madara tana lalacewa cikin yini guda a zafin bazara, nono kuwa ya kwana biyu bai ruɓe ba. Abin da suka gani gaskiya ne. Inda aka zarce shi ne zaton cewa kariyar ta game kowace cuta.

Bari mu fara ba su haƙƙinsu. Idan mai nono ta zuba ɗan ragowar na jiya a cikin sabuwar madara ta rufe ƙwarya da faifai, ƙwayoyin bakteriya masu amfani ta shuka, dangin Lactobacillus da Lactococcus da 'yan uwansu. Su ke cinye sukarin madara su mayar da shi sinadarin laktik mai tsami. Ma'aunin pH na madara, wanda ke wajen 6.7, sai ya sauka zuwa kusan 4.5, kuma ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci da yawa ba sa iya hayayyafa a nan. Wasu daga cikin masu amfanin suna kuma fitar da sinadarai na musamman da ake kira bakteriyosin, don kashe abokan gasarsu.

Mafi shahara a cikinsu shi ne nisin, wanda wasu nau'o'in Lactococcus lactis ke samarwa. An fara lura da aikinsa a Amurka a 1928, masana a Ingila suka raɗa masa suna a 1947, sannan a 1969 kwamitin haɗin gwiwa na Hukumar Abinci da Noma da Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince a yi amfani da shi wajen adana abinci. Har yau ana sa shi a cukun kanti da abincin gwangwani, da lambar E234 a jikin kwali. Yana manne wa fatar ƙwayar cuta ne ya huda ta, abin da ke cikinta ya tsiyaye, ta mutu.

To, nan ne gizo ke saƙar. Nisin yana cin ƙarfin wani rukuni ne kawai, irin su Listeria da Staphylococcus. Ɗaya rukunin, wanda ya haɗa da E. coli da Salmonella masu jawo gudawa da zazzaɓin taifod, yana da wani rufi na biyu a waje, kamar ganuwa a bayan katanga, wanda nisin ba ya iya ketawa shi kaɗai. Kuma ba kowace ƙwarya ce ke ɗauke da nau'in da ke fitar da shi ba. A kamfani zaɓen irin ake yi, a auna adadinsa. A gida kuwa abin da ya faɗo cikin ƙwarya shi ne rabonta, na yau daban, na gobe daban.

Shi kansa tsamin akwai masu jure masa. Nau'in E. coli da ake kira O157:H7 an san shi da juriyar tsami. Ƙwayar tarin fuka ta shanu tana da fata mai maiƙo da ke ba ta damar yin kwanaki a cikin madarar da ta yi tsami. Haka ma Brucella, mai sa shanu ɓari, cutar da makiyaya ke kira bakkale, wadda a jikin mutum take zuwa da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, har a yi ta shan maganin maleriya a banza. A tsibirin Malta, bayan likita Zammit ya gano a 1905 cewa madarar awaki ce ke yaɗa ta, an hana sojojin Birtaniya shan ɗanyarta, cutar ta ragu ƙwarai a cikinsu. Ko da tsami zai kashe irin waɗannan daga baya, lokaci yake buƙata, nonon da aka tatsa jiya kuwa yau za a dama fura da shi.

Sai kuma abin da ke faruwa bayan nono ya kama. Ana ƙara masa ruwa don ya yi auki, wani lokaci a haɗa da ƙullun kuka don kauri ya dawo, ludayi yana shiga yana fita, maburgi ana ɗauraye shi a ruwa guda tun safe. Ruwan da aka ƙara yana rage tsamin, kuma ƙwayar da ta shigo tare da shi minti goma kafin a sha ba ta daɗe da za ta mutu ba.

Wani zai ce shekara da shekaru ana sha, mutane suna nan da ransu. Haka ne, domin yawancin shanu lafiyarsu ƙalau, kuma jikin babba yana da juriya. Amma wanda abin ke kayarwa shi ne yaron da aka yaye, da mai juna biyu, da tsoho, kuma idan sun kwanta ba kasafai ake tuhumar nono ba.

Maganin ma yana cikin al'adarmu. Masu yin kindirmo na asali suna ɗora madara a wuta tukuna, su sauke ta huce, sannan su zuba irin. Wuta ta kashe cutar da ta fito daga jikin saniya, ƙwayoyin kirki suka sami fili babu abokin gasa, tsaminsu ya tsare abin da ya rage. Haka kamfanonin yogot ke yi. Zafin digiri 63 na minti 30 ya isa, wanda ba shi da ma'auni kuwa ya bari ta tafasa. Don haka a ci gaba da shan nono, abinci ne mai gina jiki. Sai dai mai saye ya tambayi mai tallan ko an dafa madarar, da kuma wane ruwa aka ƙara, ya saba da saye a wurin wadda amsarta ta gamsar da shi.