Bushiya a Gida: Kula da Ita, da Kare Lafiyar Yara

Da ruwan farko ya sauka, gara da shinge suka fito, bushiya ma sai ta fito. A lokacin ne yara ke tsintar ta a bakin gona, ko ƙarƙashin tarin kara, ko a gindin danga. Su naɗe ta a riga su kawo gida, a sa ta a kwali ko tsohon bokiti, a zuba mata tuwo da nono. Bayan kwana huɗu ko biyar sai a tarar ta mutu. Wani lokaci kuma ba a nan maganar ke tsayawa ba, ƙaramin yaron gidan sai ya kama gudawa da zazzaɓi, ba wanda ya kawo bushiyar a ransa.

Ra'ayina tun farko shi ne, wurin bushiya daji ne da bayan gida. A can take da amfani gare mu, gama abincinta ƙwari ne: gara, gyare, buzuzu, tsutsa, gizo-gizo, har kunama da ƙananan macizai takan ci. Wanda yake da bushiya tana yawo a lambunsa da dare ya sami ma'aikaciya ba lada. Amma na san hana yaro abin da ya ƙwallafa rai a kai ba sauƙi, kuma akwai manya ma da ke sha'awar ajiye ta. Saboda haka ga abin da ya kamata ku sani.

Wace irin dabba ce

Irin bushiyar da muke da ita a nan arewacin Kamaru ita ce ake samu tun daga Sanagal, ta Nijar da Najeriya da Cadi, har Habasha. Cikinta fari ne, ƙafafunta na baya yatsu huɗu-huɗu ne. Babba ba ta cika wuce rabin kilo ba. Ƙayoyinta dubbai ne, amma gajeru ne, ba dafi a jikinsu, ba ta kuma harba su. Kada a haɗa ta da beguwa, wadda take babba mai dogayen kibiyoyi. In bushiya ta tsorata sai ta dunƙule, ta yi ta huci. Wannan ne dukan makaminta.

Dabbar dare ce. Da rana barci take yi, da dare kuma ta yi tafiya mai nisa tana neman abinci. Ita kaɗai take zama, ba ta son taro. Waɗannan abubuwa biyu su ne yara ba su ganewa. Su da rana suke son wasa da ita, su kuma so su tara uku ko huɗu a wuri ɗaya.

Abin mamaki, wannan bushiya tamu ita ce Turawa da mutanen Japan ke saye da tsada suna ajiyewa a ɗaki kamar kyanwa. Daga Afirka ta Yamma aka riƙa kwasar ta zuwa Amurka, har a shekarar 1991 hukumar can ta hana shigo da ita daga Afirka, don tsoron ciwon baki da kofato na shanu, wanda bushiya kan iya ɗauka. Waɗanda suke can yanzu jikokin na farkon ne. A hannun masu kiwo takan kai shekara huɗu zuwa shida, a daji kuwa biyu ko uku. Daga wurinsu ne aka koyi yawancin abin da aka sani game da ciyar da ita da cututtukanta.

Abinci da ruwa

Nono shi ne kuskure na farko. Cikin bushiya ba ya narkar da madarar saniya. Ko kindirmo ne, ko madarar gwangwani, gudawa za ta sa ta, kuma dabba ƙarama kamar wannan ba ta jure gudawa. Tuwo da fura da shinkafa kuwa, ko ta ci don yunwa, ba za su riƙe ta ba.

A ƙasashen waje busasshen abincin kyanwa na kanti suke ba ta, su ƙara da tsutsotsi. Mu nan abincinta na asali yana ƙofar gida. A ba ta gara, shinge, gyare, fara, tana, da gwazarma. In ƙwari sun yi wuya, a dafa ƙwai a marmasa mata kaɗan, ko ɗan naman kaza dafaffe wanda ba gishiri, ba magi, ba yaji. Ɗan yankan gwanda ko kankana sau ɗaya-ɗaya ba laifi. Kada a ba ta albasa, ko tafarnuwa, ko piya. Gyaɗa ma a bar ta, domin takan maƙale mata a dasashi ta hana ta ci. Abin da zai cika babban cokali biyu ko uku ya ishe ta a dare ɗaya. A ajiye mata da magariba, da safe a kwashe ragowar kafin ƙuda da tururuwa su taru.

Ku lura da inda yara ke kamo ƙwarin. Farar da aka kama a gonar auduga ko ta wake da aka yi wa feshi guba ce gare ta. Haka kyankyason da maganin ƙwari ya kayar a ɗaki. Yaron da ke tsintar irin waɗannan da hannu shi ma yana shafar maganin.

Ruwa kuwa mai tsabta, a kasko marar zurfi mai nauyi wanda ba za ta kifar ba. A sake shi kullum.

Wurin kwana

Bokiti da ƙaramin kwali kurkuku ne ga dabbar da ta saba kwana tana tafiya. A yi mata wuri wanda tsawonsa ya kai mita ɗaya, faɗinsa rabin mita, in ya fi haka ma ya fi kyau. Bangon ya zama mai santsi, gama ta iya hawa fiye da yadda ake zato, ta kuma iya tono. Kada ƙasan ya zama ragar waya, ƙafafunta sirara ne, suna faɗawa ciki su karye. A shimfiɗa busasshen ganye, ko busasshiyar ciyawa, ko yagaggiyar takarda. Garin katako mai laushi yana shiga hanci da ido. A kifa mata fasasshiyar tukunya ko tsohuwar ƙwarya mai ƙofa, wurin da za ta ɓuya ta yi barci.

Tsumma mai zare-zare, da zaren buhu, da gashin kitso da ake zubarwa a tsakar gida, duk suna naɗe wa bushiya ƙafa, su tsare jini har ƙafar ta ruɓe. Igiyar da yara ke ɗaura mata a ƙafa don kada ta gudu haka take yi. Ku hana su.

Wurin ya kasance a inuwa, inda kare ba zai kai ba, a kuma rufe sama saboda mujiya. Bushiya ta fi jin daɗi in zafi yana tsakanin digiri 24 da 29. Mutanen Garwa da Marwa zafin bazara za su ji wa tsoro. Mutanen Ngaundere da sauran tudun Adamawa kuwa sanyin hunturu ne. In sanyi ya kama ta sai ta sandare, cikinta ya yi sanyi, ta yi kamar ta mutu. Kada a kanga ta a wuta. A zuba ruwan ɗumi a kwalba, a naɗe da zane, a ajiye kusa da ita ta farfaɗo a hankali.

Guda ɗaya a wuri ɗaya. Maza biyu faɗa za su yi har rauni. Macen da aka kamo tana iya zuwa da ciki, cikin nata kuwa kamar kwana 35 ne. In ta haihu, kada kowa ya taɓa 'ya'yan ko ya riƙa leƙa su, domin uwar da aka dame ta takan yashe su ko ta cinye su. Sai sun yi mako biyar ko shida suke barin nono.

In kun ga tana fitar da kumfa a baki tana shafa wa ƙayoyinta, ba haukan kare ba ne. Halinta ne in ta ji sabon wari ko ɗanɗano. Alamun rashin lafiya su ne: ƙin cin abinci dare biyu, kashi mai ruwa ko kore, zubar ƙayoyi da yawa tare da ɓawo a fata, majina, tangaɗi, ko kwanciya a fili da rana tsaka. A kai ta wurin malamin dabbobi. Kaska kuwa a cire da matsefata, a kama kusa da fata a ja a hankali. Kada a zuba mata kananzir ko maganin wankan shanu, zai kashe ta kafin ya kashe kaskar.

Abin da yaro zai iya ɗauka

Wannan ne ya fi damuna, don mu ne ake kawo wa yaran. Bushiya tana iya zama lafiya lau, idonta garau, alhali kashinta yana ɗauke da ƙwayar cutar da ake kira salmonela. Tana taka kashin, ya shafi ƙafafunta da ƙayoyinta da shimfiɗarta. Yaro ya ɗauke ta, ya koma ya sa hannu a kwano. A Amurka, inda ake bin sawun irin wannan, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙirga mutum 26 da suka kamu ta hanyar bushiyar gida tsakanin 2011 da 2013, ɗaya ya rasu. Tsakanin 2018 da 2019 kuma mutum 54 a jihohi 23. Can fa akwai famfo da sabulu a kowane ɗaki. Ku auna da gidan da ake cin tuwo kwano ɗaya, jariri yana rarrafe a tsakar gida.

Ciwon yakan fara daga awa 6 zuwa kwana 6 bayan ƙwayar ta shiga ciki: gudawa, murɗar ciki, zazzaɓi, wani lokaci da amai. Dangin taifot ce, amma ba ita ba ce, gama taifot daga mutum zuwa mutum take bi. Babba mai ƙarfi yakan warke cikin kwana huɗu zuwa bakwai. Haɗarin yana kan yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da tsofaffi, da mata masu ciki, da masu ƙanjamau, da yaran da tamowa ta raunana. Sai kuma masu sikila. A jikinsu wannan ƙwaya takan bar hanji ta shiga jini, ta zauna a ƙashi, ta kawo kumburi da ciwon da sai an yi makonni ana magani. Gidan da yake da mai sikila ko jariri, shawarata kada a ajiye bushiya a cikinsa sam.

In gudawa ta kama yaro, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan da nan. Ƙunshin da ake bayarwa a asibiti ya fi, a narka ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In babu, a sa ƙaramin cokali shida na sukari, a shafe bakinsu, da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. A ci gaba da ba da nono da abinci. A karɓo ƙwayar zinki, a ba shi kwana 10 zuwa 14. Kada a sayi kafso a tebur a ɗura masa. In akwai jini a kashi, ko zazzaɓi mai zafi, ko idanu sun faɗa, ko ya kasa sha, ko barci ya yi masa yawa, a kawo shi asibiti ranar nan. Za a gwada jininsa saboda zazzaɓin cizon sauro, ku kuma gaya wa ma'aikacin lafiya cewa akwai bushiya a gidan. Iyaye da yawa ba su faɗa, don suna ganin ba abin faɗa ba ne.

Na biyu makero ne. Bushiya tana da nata irin, kuma ƙayoyinta suna huda fata kaɗan-kaɗan su dasa shi. Yakan fito a tafin hannu, ko damtse, ko fuska, ja, mai ƙaiƙayi, wani lokaci da ƙananan ƙuraje masu ruwa. Na jiki man shafawa na asibiti yana kashe shi, in an daure ana shafawa mako biyu zuwa huɗu. Na kai kuwa sai da ƙwaya ta sha har mako shida ko fiye. Man shafawar nan na kasuwa da mata ke amfani da shi don hasken fata yana kwantar da ƙaiƙayin kwana biyu, sa'an nan makeron ya bazu fiye da dā. Ku nisance shi.

Kariyar ba ta da tsada. Duk wanda ya taɓa bushiya, ko kaskonta, ko shimfiɗarta, ya wanke hannu da sabulu, in babu sabulu da toka, ana zuba masa ruwa daga buta. A ɗauke ta da zane mai kauri wanda aka ware mata. Ba sumba, ba kwana da ita, ba kai ta madafa ko kusa da randa. Babba ne zai kwashe kashinta kowace safiya ya zuba a masai, a sake shimfiɗar duka sau ɗaya a mako. Kaskonta ba ya shiga cikin kwanukan gida wurin wanki. In ta ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa sosai, a zo a duba ko yana bukatar allurar rigakafin ciwon sarƙewar haƙora. Masu cin namanta kuma su dafa shi ya nuna sarai, su wanke wuƙa da hannu kafin su taɓa wani abinci.

In yaran sun gaji da ita, yawanci kuwa ba su wuce mako biyu, a mayar da ita inda aka tsince ta. Da magariba za a sake ta, a gindin ciyawa ko tarin ganye, nesa da hanyar mota da karnuka. In macen da aka kamo nonuwanta sun kumbura, tana shayarwa ke nan, 'ya'yanta suna can cikin sheƙa. Ita kam kada a bari ta kwana, a mayar da ita a daren nan.