Linzamin Fanka: Yadda Muke Kare Kwamfutarmu Daga Zafi

Ina so in yi amfani da wannan fili da aka ba ni in yi ɗan bayani a kan wata 'yar na'ura da ke ɗakin kwamfutar makarantarmu. Girmanta bai kai na littafin lissafi ba, amma ta koya mini darasin da ba zan manta ba. Aikinta shi ne ƙara wa fankokin da ke cikin akwatin kwamfuta gudu, ko kuwa rage musu. Mu 'yan ƙungiyar kwamfuta mun laƙaba mata suna linzamin fanka, domin abin da linzami ke yi wa doki shi take yi wa fanka.

Watakila wani ya ce, ina ruwan ɗan makaranta da fankar kwamfuta? To, akwai ruwanmu ƙwarai. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a ta zama a kan kwamfuta ake yin ta. Da yawa daga cikinmu, 'yan Gezawa da Jogana da Babawa da Wangara, a wannan ɗaki muka fara ɗora yatsa a kan kwamfuta. In guda ɗaya ta lalace, layin masu jiran gwaji ya ƙara tsawo ke nan, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Da farko dai ya kamata mu san inda zafin ke fitowa. A cikin akwatin kwamfutar tebur akwai wani babban faifai da ake kira madabod, wanda kowane sashe ke haɗe da shi. A kansa ne ƙwaƙwalwar kwamfuta take, watau firosesa, wadda faɗinta bai wuce na kwalin ashana ba. Duk wutar lantarkin da ta sha wajen yin lissafi, zafi take komawa. Yawancin na ofis an ƙera su ne a kan wat 65. Wanda ya taɓa kama tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 yana kunne ya san abin da nake nufi. Saboda haka ake ɗora mata wani ƙarfe mai haƙora kamar matsefi, ya janye zafin daga jikinta, sa'an nan fanka ta hura haƙoran. Ban da wannan fanka akwai waɗansu a jikin akwatin, na gaba suna shigo da iska, na baya suna fitar da ita.

Ga wani abu da na daɗe ban gane ba. Fanka ba ta yin sanyi, iska kawai take kaɗawa. Mu mutane muna jin sanyinta ne domin tana busar da gumin jikinmu, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa ta wurin tsattsafowar da take yi. Kwamfuta kuwa ba ta gumi. Saboda haka kome gudun fanka, ba za ta sa cikin akwati ya fi ɗakin sanyi ba. A misali, in ƙwaƙwalwa tana ɗara iskar ɗaki da digiri 40 sa'ad da take aiki mai nauyi, to a ɗaki mai digiri 20 za ta kai 60, a ɗaki mai digiri 40 kuwa za ta kai 80. Mu kuwa a ƙasar Kano zafin watan Afrilu yakan kai digiri 40, wani lokaci har ya wuce. Yawancin ƙwaƙwalen zamani in sun doshi digiri 95 zuwa 100 sai su rage saurin aikinsu da kansu, in kuma zafin bai sauka ba sai kwamfuta ta kashe kanta don kada ta ƙone.

To, me zai hana a bar fankoki su yi ta gudu iya ƙarfinsu dare da rana? Haka tamu take a da. Babbar kwamfutar da muke shirya wannan mujalla a kanta tana da fankoki uku a jikin akwati, duka an jona su kai tsaye da akwatin rarraba wuta. Da an kunna ta sai ka ce injin markaɗe, na bayan aji ba ya jin abin da Malam ke faɗi. Ban da ƙara kuma ga ƙura. Da an gama girbin gero da dawa gonakin da ke kewaye da mu sun zama fili, ga ƙaiƙayin sussuka, ga hazon hunturu a bayansa. Fanka mai gudu da yawa iska mai yawa take ja, ƙura mai yawa kuma take tarawa. Ƙurar nan ita ce ke toshe haƙoran ƙarfen nan, ta zama kamar bargo a kansa. Ashe gudun da aka yi don maganin zafi a hunturu, shi ne ke jawo zafi a bazara.

Wannan ne ya sa malaminmu ya sayo linzamin fanka a Titin Beirut cikin birnin Kano, inda ake sayar da kayan waya da na kwamfuta. Namu irin mai maburmi huɗu ne na murɗawa, an zura shi a gaban akwatin, a gurbin da ake sa na'urar faifan CD. Wuta yake samu daga akwatin rarraba wuta, sa'an nan ya raba wa fankoki gwargwadon yadda aka murɗa. Duk wanda ya san abin nan na jikin bango da ake murɗa wa fankar sama daga 1 zuwa 5, ya san rabin aikinsa.

Hanyoyin rage gudu iri biyu ne, kuma yawan wayoyin fanka shi ke nuna wadda ta dace da ita. Fankar kwamfuta da wuta mai ƙarfin bolt 12 take aiki. Mai waya uku, biyu na wuta ne, ta ukun kuwa ita ke kai labarin juyi nawa fankar ke yi a minti guda. Irin wannan, rage mata ƙarfin wuta ake yi, daga 12 zuwa 9 ko 7, sai gudunta ya ragu. Mai waya huɗu kuwa wutarta tana nan a 12 kullum, ta waya ta huɗun ake aika mata da umurni. Umurnin nan wata alama ce mai kunnuwa da mutuwa wajen sau 25,000 a daƙiƙa guda, ana kiran dabarar PWM. In alamar ta fi daɗewa a kunne fanka ta yi sauri, in ta fi daɗewa a kashe ta lafa. Kamar mai keke ne da ke taka feda ya huta, ya taka ya huta. Keke bai tsaya ba, amma saurinsa ya danganta da yawan takawar.

Shi ma linzamin iri-iri ne. Akwai na hannu irin namu. Akwai mai waɗansu siraran wayoyi masu jin zafi, waɗanda ake mannawa kusa da wurin da ke ɗumi, shi kuma ya riƙa ƙara gudu da kansa in zafi ya hau. Akwai kuma wanda aikinsa rabo ne kawai, ya karɓi umurni ɗaya daga madabod ya isar wa fankoki da yawa. Amfanin wannan shi ne, yawancin mahaɗan fanka da ke kan madabod amfiya 1 kaɗai suke ɗauka, in aka tara musu fankoki fiye da kima sai su ƙone. Ya kamata kuma in faɗi gaskiya, ba kowace kwamfuta ke bukatar linzami ba. Yawancin na zamani suna iya daidaita fankokinsu daga cikin shirin nan na BIOS. Linzami yana amfani ne inda fankoki suka fi mahaɗai yawa, ko inda aka jona su kai tsaye da wuta kamar tamu. Kada kuma a saye shi da niyyar tsimin man janareta, domin fanka guda ba ta cin fiye da 'yan wat kaɗan.

Yanzu bari in ba ku labarin abin da ya same ni, don gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Wata rana da bazara bayan azahar, aka ba ni aikin buga rubuce-rubucen 'yan ajinmu. A lokacin kuma kwamfutar tana haɗa bidiyon ranar ba da kyaututtuka, aiki ne mai nauyi ƙwarai. Ɗan ƙarar fankokin ya dame ni, sai na murɗa maburman duka zuwa ƙasa. Ɗaki ya yi tsit, na ji daɗi, na ci gaba da bugu. Can sai na ji fankar ƙwaƙwalwa ita kaɗai tana ta kuka, rubutu kuma ya fara nauyi, in na danna harafi sai ya jima bai fito ba. Ban kawo kome a raina ba. Kafin la'asar sai allo ya yi baƙi ƙirin. Shafukan da na buga ban adana ba suka tafi, bidiyon ma sai da aka sake daga farko.

Na je na sami Malam jikina yana rawa, na ce, “Malam, na kashe kwamfuta.” Ya zo ya ɗora hannu a kan akwatin, ya dubi maburman, sa'an nan ya dube ni ya ce, “Kai yaro, in an kulle ka a ɗaki ba taga, aka ba ka mafici, iskar ina za ka fifita?” Na yi shiru. Ya buɗe murfin gefe ya nuna mini. Ashe na rage wuta har fankokin akwati sun tsaya cik, domin kowace fanka tana da iyakar da in wuta ta gaza ta ba za ta juya ba. Ita kuwa fankar ƙwaƙwalwa tana ta ƙoƙari, amma iskar da ta riga ta yi zafi take ta maimaitawa. Bayan ta huce muka kunna, Allah ya taimake ni ta tashi lafiya. Horon da aka ba ni shi ne in sake buga shafukan, in kuma rubuta wa ƙungiyarmu dokokin amfani da linzamin. Ga su nan kamar yadda Malam ya gyara mini.

Ta farko, kafin a taɓa cikin akwati a kashe kwamfuta, a zare wayarta daga bango, sa'an nan a taɓa ƙarfen akwatin. Wutar nan da ke tartsatsi a jikin bargo da daren hunturu tana taruwa a jikin mutum, kuma tana iya lalata madabod.

Ta biyu, fankar ƙwaƙwalwa a bar ta a kan madabod, kada a ɗora ta a linzamin hannu. Madabod yana jin zafin ƙwaƙwalwa kowace daƙiƙa, mutum kuwa yana mantuwa.

Ta uku, a lura da inda iska ke bi. Yawancin fankoki suna da 'yar kibiya a gefe mai nuna hanyar iska. Na gaba su shigo da ita, na baya su fitar. In masu shigowa sun ɗan fi masu fitarwa ƙarfi, kuma akwai raga a gabansu, ƙura ba ta samun hanyar kutsowa ta ƙananan kafofi.

Ta huɗu, a nemo iyakar kowace fanka. A rage ta a hankali har ta tsaya, a ƙara har ta tashi da kanta, a ɗan ƙara sama da haka, sa'an nan a yi alama a wurin. Mun sa jan fenti a namu, ba mai sauka ƙasa da shi.

Ta biyar, kada a yi aiki da ka. Akwai manhajoji na kyauta masu nuna zafin ƙwaƙwalwa a kan allo, a duba su kafin a murɗa, a kuma sake dubawa bayan minti goma.

Ta shida, a bi yanayin shekara. Da hunturu ɗaki da sanyi, ƙura da yawa, sai a rage gudu a yawaita shara. Da bazara a ƙara gudu, a kuma bar aiki mai nauyi sai da safe ko da dare. Da damina a tsaya tsaka-tsaki. In ana hure ƙura a riƙe fikafikan fanka da yatsa, don kada iska ta juya ta fiye da ƙarfinta.

Ta bakwai, kada a matse akwatin da bango, kada a ajiye shi a ƙasa inda ake shara, kada kuma a bar shi lulluɓe da mayafi yana kunne.

Ga iyayenmu da ke da niyyar saya wa 'ya'yansu kwamfuta, ko masu shagon buga takardu a bakin kasuwa, ina roƙo a tambayi mai sayarwa fankoki nawa ke ciki, waya nawa kowace take da ita, kuma yaya ake daidaita gudunsu. Tambaya rabin ilimi ce, kuma kuɗin raga da linzami ba su kama ƙafar kuɗin sabon madabod ba.

Ni dai yanzu in na shiga ɗakin kwamfuta, kafin in zauna sai na kai tafin hannuna bayan akwatin na ji ko iska na fita. Ƙannenmu 'yan aji ɗaya suna yi mini dariya, amma na ga biyu daga cikinsu sun fara yin haka su ma.