Maganin Kyauta Da Yardar Iyaye

Arzikin ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan a fadama yake, wurin noman rake da tumatir. Amma ruwan nan na kwance shi ne mazaunin ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsutsar tsargiya. Yaro ya shiga kududdufi wanka, tsutsa ta huda fatarsa, a kwana a tashi sai fitsarin jini, karatu ya ja baya.

Tun 1970 da 'yan kai aka gano maganinta, watau praziquantel. A 2007 kamfanin Merck na Jamus ya soma ba da shi kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Malamai ke rabawa a makarantu, gwargwadon tsayin yaro.

To, amma iyaye ba su manta da Kano ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan, yara 200 suka shiga, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu ba. Sai 2009 aka sasanta da Jihar Kano a kan dala miliyan 75, kamfanin kuwa bai amsa laifi ba.

Saboda haka, malamai da akawuna, kafin ranar rabo mu tara iyaye a ƙofar mai unguwa. Mu faɗi sunan maganin da aikinsa, mu ce sai yaro ya ci abinci tukuna, yakan kuma sa jiri na ɗan lokaci. Uban da ya ƙi, kada a tilasta ɗansa, a koma masa da bayani.