Ƙasar da ta nutse a ƙarƙashin Togo

Duk lokacin da aka yi mummunar girgizar ƙasa a wani wuri, sai saƙonni su cika wayoyi cewa saura mu. A Janairun 2010, kwanaki kaɗan bayan girgizar Haiti, irin wannan saƙo ya sa mutane a garuruwan Gana suka kwana a waje, gari ya waye ba abin da ya faru. Har yau babu masanin da zai iya faɗin ranar girgiza, amma an san wuraren da manyanta ke aukuwa da dalilinsu, kuma garuruwan Sokode da Dapaong na Togo ba sa cikinsu.

Ɓawon duniya ba dunƙule yake ba, manyan faranti ne masu tafiyar 'yan santimita a shekara, kamar tsiron farce. Inda biyu suka yi karo, na ƙarƙashin teku da ya fi nauyi sai ya lanƙwashe ya nutse ƙarƙashin ɗan'uwansa. Ba salin-alin yake shiga ba. Yakan cije shekaru aru-aru, ranar da ya suɓuce kuwa ƙasan teku ya zabura ya turo ruwa kan tudu. Abin da ya faru ke nan a Sumatra ranar 26 ga Disamba 2004, inda mutum wajen 230,000 suka rasu a ƙasashen da ruwan ya kai, da Japan ranar 11 ga Maris 2011.

Togo ma ta ga wannan, sai dai shekara wajen miliyan 600 da suka wuce. Dapaong na zaune a gefen tsohuwar dunƙulalliyar ƙasar Afirka ta Yamma, wadda duwatsunta suka kai shekara biliyan 2. A da akwai teku a gabashinta. Ƙasan tekun ya nutse ta gabas, ƙarƙashin inda Benin da Najeriya suke yanzu, har tekun ya rufe, ƙasar yamma da ta gabas suka gwabza, tsaunukan Atakora suka taso. Direban da ya bar Sokode ya hau Aledjo zuwa Bafilo, dutsen da yake gani tsaye a gefen kwalta ragowar wannan karo ne. Duwatsun ƙasar Kabiye kusa da Kara su ne bakin ɗinkin, a tsaunukan Lato na kudu kuma an sami dutsen da ba ya samuwa sai a zurfin kilomita gommai. Nutsewar ta tsaya tun tuni. Yau Togo a tsakiyar farantin Afirka take.

Wani zai ce, to me ya girgiza Akara ranar 22 ga Yunin 1939 har mutum 17 suka mutu, ko Gini a Disambar 1983? Tambayar tana kan hanya. Tsofaffin tsagogin da irin wannan karo ya bari sukan motsa jefi-jefi. Ƙarfinsu bai kai na Sumatra ba ko kusa, sai dai ƙaramar girgiza ta ishi ginin da aka yi wa ha'inci. A nan ne haɗarinmu yake: bulon da yashi ya rinjayi siminti har yana marmashewa a hannu, rodi siriri a ginshiƙi, bene a kan tushen da aka haƙa don ɗaki ɗaya. Irin wannan ko damina mai ƙarfi kan kayar da shi. Mai shirin ɗora bene a zangon Sokode ko bakin kasuwar Dapaong ya kira injiniya ya duba tushe kafin a zuba dakin, saƙon ranar girgiza kuma kada ya tura wa kowa.