Zaɓen Bakin Rauta Domin Ƙofar Kwaba

'Yan'uwa, da zarar an gama yankan shinkafa a fadamun Augie sai bukukuwan aure su kankama, kafintoci kuma aiki ya yi musu yawa, gama kowace uwa tana so 'yarta ta shiga ɗaki da kwaba mai kyau. Yawancin matasanmu da suka koyi kafinta a Argungu ko Birnin Kebbi sun dawo gida da burin sayen injin da ake kira rauta, wanda ke fitar da ado a gefen katako. Amma injin ba ya yanka da kansa. Bakin da aka ɗaura masa shi ke yanka, a nan ne kuwa kuɗin mutane da yawa ke salwanta.

Bari mu fara duba ƙofar kanta. Tana da katako biyu na tsaye, biyu na kwance, da allo a tsakiya. Me ya sa ba a yin ta da falle ɗaya? Domin katako yana kumbura da damina, ya kuma tsuke da hunturu, ta wajen faɗinsa ne kuwa yake wannan motsi, ba ta tsawonsa ba. A nan kwarin Rima, inda iska ke cike da laima a watan Agusta, ta bushe ƙamas a Janairu, ƙofar falle ɗaya takan lanƙwashe ko ta tsage. Firam shi ke riƙe siffar ƙofa, allon kuma ya sami wurin motsi a cikin kwarmin da aka yanka masa.

Bakin da ake bukata domin wannan aiki biyu ne masu tafiya tare, kamar turmi da taɓarya. Na farko yana bin gefen ciki na dukan katako huɗun, ya fitar da ado da kwarmi a lokaci guda. Na biyu yana yanka ƙarshen na kwance kaɗai, ya bar harshe wanda zai shiga kwarmin daidai. Dole su zama 'yan gida ɗaya. Idan aka sayi ɗaya a Sakkwato, ɗayan kuma na wani kamfani a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, da wuya su haɗu ba giɓi. Akwai kuma baki ɗaya da ake kwancewa a juya wuƙaƙensa ya yi aikin biyun. Ya fi araha, amma kowane juyi sai an sake saiti. Ga mai ƙofofi takwas ko goma a gabansa, mu dai mun fi son biyun.

Kafin a ba da kuɗi, a dubi gindin bakin, wato sandar da ke shiga injin. Akwai na kwatan inci, akwai na rabin inci. Domin ƙofa a ɗauki na rabin inci, gama bakin yana da nauyi, siririn gindi kuwa yakan yi rawa, har ya karye. Ga wani tarko kuma: rabin inci milimita 12.7 ne, ba 12 ba, kwatan inci kuma 6.35 ne, ba 6 ba. A ido duk ɗaya ne. Amma in aka sa gindi mai milimita 12 a mariƙin rabin inci, ba zai kamu sosai ba, yana iya zamewa ana cikin aiki, alhali injin yana juyi sama da sau 20,000 a minti ɗaya. Saboda haka a kwance mariƙin injin a tafi da shi kasuwa, a gwada a gaban mai kanti.

Sai kaifin. Bakin ƙarfe zalla yana da sauƙin kuɗi, amma maɗaci da iroko sukan dakushe shi da wuri, filawud kuwa ya fi su, saboda gam ɗin da ke tsakaninsa. Wanda aka liƙa wa ƙarfe mai tauri da ake kira kabaid (ba irin na masu walda ba ne) ya fi daɗewa nesa ba kusa ba. A duba kada kaifin ya kasance da ɓalli, a kuma juya ɗan boris ɗin da yatsa a ji ko yana tafiya sumul. Akwatin nan mai baki 35 ko 50 yana jan ido, amma mafi yawansu a akwatin za su tsufa. Gara biyun nan masu kyau, da miƙaƙƙe ɗaya, da mai zagaye gefe.

Yawancin irin waɗannan bakuna an yi su ne domin katako mai kauri milimita 19 zuwa 22, kwarminsu kuma wajen milimita 6. Filawud ɗin da ake ce wa milimita 6 sau da yawa bai kai ba, sai ƙofa ta riƙa ƙara in an rufe. A tafi da guntunsa a gwada. In allon na katako ne, kada a sa masa gam, a bar masa sarari kamar milimita 2 a kowane gefe.

A lissafi kuma kada a manta da harshe. Ƙofa mai faɗin santimita 40, na tsaye kowanne 6, harshe 1: a cire 12 daga 40, a ƙara 2. Tsawon na kwance 30 ne, ba 28 ba.

Ba a riƙe rauta a hannu da irin wannan baki. A kife ta a ƙarƙashin tebur mai shinge, a rage gudu, a tura katako da wani guntu, yatsu nesa. A fara yanka ƙarshen na kwance, da guntun katako a bayansa domin kada ya fashe. Babbar rauta tana cin wat 1,500 ko fiye, ƙaramin janareton nan na kallon talabijin ba zai ɗauke ta ba. Injin gwanjo kuma da ya fito daga Amurka na wuta 120 ne, tamu kuwa 230, in aka jona shi kai tsaye ƙonewa zai yi.

Inda matasa uku ko huɗu suke sana'ar a gari ɗaya, za su iya haɗa kuɗi su sayi inji ɗaya da bakuna biyun, su raba ranakun aiki. A rubuta tun farko wanda zai biya in baki ya karye, da nawa za a riƙa ajiyewa daga kowace kwaba domin sayen sabo.